Facin da Kawu Ya Yi wa Famfo

Shekara ashirin da shida Kawu ya yi yana facin taya a gefen titi, ƙarƙashin wata rumfar kwano mai ƙafa uku, ta huɗun kuwa tayoyin babbar mota ne aka ɗora wata kan wata. Shi ya sa har yau a dangi in an ce Kawu sai a tambaya wanne, amma in an ce Kawu Mai Faci kowa ya gane, ko da yake ya bar sana'ar tun kafin a haifi rabin jikokinsa. Kunne gare shi. Taya in tana yoyo ba sai ya tsoma ta a bahon ruwa ba. Ya kara ta a gefen fuska, ya juya ta sannu a hankali, sai ya ɗora yatsa ya ce, "Ga ɓarauniyar nan."

Sai aka zo faɗaɗa titin. Rushe rumfar bai ci minti goma ba. Da aka gama aiki aka kafa shingen ƙarfe dama da hagu, motoci suka koma wucewa fuu, ba mai tsayawa. Wata bakwai ya yi a gida. Inna, matarsa, ta ce a watannin nan ba bokiti, ba buta, ba takalmin roba da ya tsira daga hannunsa, har tiyon maƙwabta ya yi wa faci ba wanda ya roƙe shi.

Wani mutum da ya daɗe yana kawo masa tayoyi ne ya fitar da shi. Ya buɗe wurin shaƙatawa a bakin wani tafki bayan gari, yana ba da hayar abin hawa ruwa iri biyu, duk na roba da ake hurawa: kwale-kwale da ake zama a ciki, da wani dogon allo da mutum ke tsayawa a kai yana tuƙi da filafili ɗaya. Ya ce yana neman wanda ya san kan iska. Kawu ya ce in iska ce ai an zo gida. Daga ranar ya koma kiran mutumin Maigida.

Aikin ba shi da wuyar ganewa. Kwantenan da ake ajiye kaya ƙarami ne, saboda haka kowace yamma sai an fitar da iskar an naɗe kayan, kowace safiya kuma a sake hurawa. Kawu yakan isa rana ba ta gama fitowa ba, ya shimfiɗa su a kan ciyawa, ya murɗa bakin tiyo a bawul, ya take ƙafafun famfo da nasa, ya kama hannun: sama, ƙasa, sama, ƙasa. Kwale-kwale ba ya wahalar da shi, allurar ma'aunin iska ta taɓa uku an gama. Allo kuwa sai sha biyar, sai ya yi tauri kamar katako, in ba haka ba ya lanƙwashe a tsakiya ya juye mutum cikin ruwa. Bugu ɗari na farko wasa ne. Daga allura ta wuce bakwai famfo ke fara gardama. In ta kai goma, kowane ja sama kamar ciro guga cike da yashi daga rijiya. Allo takwas, kwale-kwale huɗu, kullum ban da Litinin.

Da hantsi masu hawa ke zuwa, su tarar da kaya a jere bakin ruwa, su ɗauki hoto, su hau. Ba wanda ya taɓa tambayar yadda iskar ta shiga. Shi kansa Kawu bai taɓa ɗora ƙafa a kan allon ba, don bai iya iyo ba. Yakan zauna a kan wani bulo cikin inuwar kwantena, hannun dama a cinya kamar kayan da aka ba shi ajiya, yana kallon mutane suna faɗawa ruwa suna shewa.

A shekara ta biyar kafaɗarsa ta dama ta fara magana. Inna ta shafa man zafi, ta gasa da tsumma, ta ɗaure da ɗankwali. A shekara ta tara ta kai shi asibiti, don da an biye masa ba zai je ba. Likita ya ɗaga hoton ya duba a hasken taga.

"Baba, wane aiki kake yi?"

"Iska nake bugawa."

"Jijiyar nan ta zama tsohuwar igiya, zare kaɗan ya rage. Ka daina jan abu mai nauyi sama da hannun nan. In ta tsinke, ko cokali sai da hagu."

Kawu ya ce to. Washegari ya koma bakin tafki ya hura sha biyu.

Bayan sati uku hannun famfon ya tsage. Ya ɗaure shi da waya ya lallaɓa ya gama, sannan ya kai wa Maigida. Mutumin yana tsaye jikin motarsa, waya a kunne, ya dubi famfon ya ce ai wannan ya yi kwanansa.

"Na san wani shago, zan yi wa mai shi magana. Ka je ran Litinin ka ɗauko wanda ya yi maka. Ni dai da za ka ji tawa, na lantarki. Dannawa ɗaya. Ko maigadi ma ya iya kafin ya buɗe ƙofa."

Ba da wata manufa ya faɗa ba, ya ma koma kan wayarsa. Amma maganar ta bi Kawu ta shiga bas tare da shi, ta zauna masa a ƙirji har gida. Maigadi na nan kullum, kwana yake a wurin. In maigadi zai iya, mutum mai shekara sittin da kafaɗa ɗaya me zai zo yi?

Ran Litinin ya sa tsohon famfon a buhu, don a gwada bakin tiyo kada a sayo wanda ba zai shiga bawul ba. Yana ɗaga labule ya tarar da Inna a tsakar gida, ta yafa mayafi, jaka a hammata.

"Ina zuwa haka?"

"Inda za ka."

"Shagon famfo ne fa, ba na atamfa ba."

"Kafaɗar da nake gasawa shekara huɗu ai ina da rabo a ciki, Malam. Mu je."

Shagon dogo ne, matsattse, yana warin sabuwar roba. Rigunan ruwa a rataye, filafilai a jingine, wani allo shuɗi kwance a ƙasa rabi da iska. Mai shagon dattijo ne mai tabarau da furfura a gemu, ba ya gaggawar magana. Ya ce an yi masa waya. Ya jawo wa Inna kujera, ya fara sauko da kwalaye.

Kawu ya nuna wani ɗan injin bugun taya a kan kanta, idonsa ya yi haske kamar ya ga ɗan uwa.

"Wannan fa?"

"Wannan na mota ne. Ƙarfi gare shi, amma iskarsa siririya ce. Allo ɗaya zai ci maka awa, kafin na biyu ya ƙone."

"Wancan mai kama da murhu fa?" in ji Inna.

"Na katifa ne, Hajiya. Iska da yawa, ƙarfi babu. Zai kumbura allo ya yi kyau a ido, a hau ya lotse. Na ƙafa kuma, kwale-kwale kaɗai zai iya. Ku da kuke da iri biyu, zaɓinku biyu ne."

Ya ajiye su gefe da gefe. Ɗaya na hannu, dogo, ja, kusan irin na cikin buhu. Ɗayan ɗan akwati ne baƙi mai maɓallai huɗu. Ya ce a sa masa lamba, sha biyar ko uku, a danna a tafi, ya cika ya tsaya da kansa. Ya jona shi a jikin shuɗin allon. Abin ya fara huci, can sai ya canja murya ya koma ƙara kamar injin niƙa. Inna ta toshe kunne ɗaya tana murmushi, irin murmushin da aka daɗe ba a gani ba a fuskarta.

"Allo nawa yake hurawa kafin ya gaji?" in ji Kawu.

"Wannan, biyar ko shida, sai batir ya nemi caji."

"To ka gani! Ni sha biyu ne, kuma ba wuta a bakin ruwa."

"Akwai babbansa, mai fanka a ciki, ba ya zafi, ana kuma jona shi a mota. Zai yi sha biyun."

"Ƙararsa za ta kori tsuntsaye."

"Malam," in ji Inna, "tsuntsaye ne suka kai ka asibiti?"

Mai shago ya sunkuyar da kai yana gyara tabarau. Ya ce a kawo tsohon a ga bakin tiyo. Kawu ya kwance buhu. Dattijon ya karɓa, ya duba bakin, ya ce iri ɗaya ne. Har zai miƙa masa sai ya tsaya. A wuyan famfon, ƙasa kaɗan da hannun, akwai wata baƙar roba da aka yanka da'ira, ta kwanta lif kamar da ita aka ƙera shi. Ya sa farce ya kankara, ko gezau.

"Wa ya yi wannan?"

Kawu ya ɗan gyara tsayuwa. "Ni ne. Ranar da na fara aiki na tarar da huji a nan, duk ja sai ya yi fiss. Na goge wurin, na shafa sholisho, na ɗora roba. Tun ranar bai ƙara ko tari ba. Maigida ma sai da ya yaba, ya ce allo ya fi saurin cika."

Mai shago ya ajiye tsohon famfon. Ya kashe injin, ya danna bawul ya rage iskar allon, ya jona jan famfon. A wuyansa, daidai inda tsohon ke da faci, akwai ɗan marfi a toshe, ɗaure da siririyar igiyar roba.

"Buga mini, Malam. A hankali, kada ka matsa."

Kawu ya take, ya kama. Sama, ƙasa. Jikinsa ya san aikin fiye da yadda ya san hanyar gida. Allura ta motsa, ta hau biyar, ta hau bakwai, nauyin da ya sani ya fara zuwa, ya cije leɓe don kada Inna ta gani. Sai dattijon ya miƙa hannu ya zare ɗan marfin.

Kawu ya tattara ƙarfi ya ja, hannun famfon ya taso masa sakayau, saura kaɗan ya faɗi ta baya. Iska ta yi fiss. Kafin ya yi tunani babban yatsansa ya riga ya toshe hujin.

Mai shago ya kama yatsan ya janye shi. "Bar ta ta fita. Don ta fita aka yi shi."

Ya yi masa bayani ba tare da ɗaga murya ba. In marfin yana ciki, famfo na tura iska a ja, yana turawa a danna, don allo ya yi saurin kumbura. Wannan na farko ne kawai, lokacin da abin ke da sauƙi. Da allura ta kai bakwai sai a zare, ja ya zama na banza, danna kaɗai ke aiki, shi kuwa danna da nauyin jiki ake yi: hannu a miƙe, gwiwa ta lanƙwasa, mutum ya sauko a kai. Ba wanda ake so ya ja iska sama har sha biyar. Ko ƙato mai shekara ashirin ba a ce ya yi ba. Marfin tsohon famfon faɗuwa ya yi ya ɓace, shi ke nan.

Kawu ya sake ja, ya danna. Ya ja, ya danna. Allura ta hau goma, ta hau sha biyu, kafaɗar ba ta ce uffan ba. A sha biyar ya saki hannun ya tsaya yana kallon hujin.

"Shekara nawa kana yi da shi a haka?" in ji mai shago.

Inna ce ta amsa. "Tara."

Dattijon ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya sake duba tsohon famfon. "Facin dai ya yi kyau."

"Ai ni ba na faci ya tashi," in ji Kawu. Ya nemi wurin zama bai samu ba, ya zauna a kan kwali.

Inna ta ce ita a lokacin ta so ta yi dariya, ta so ta yi kuka, ta so ta ɗauki famfon ta maka masa, sai ba ta yi ko ɗaya ba. Ta nuna babban na lantarkin ta ce a naɗe musu shi.

"Tsaya," in ji Kawu. Ya yafito ta, ta sunkuyo. Shagon ƙarami ne, mai shi ya juya baya yana jera kwalayen da ba su hargitse ba.

"Ranar da akwatin nan ya shiga kwantena, ni na fita. Maigida ya faɗa da bakinsa, maigadi ya iya."

"To ka fita da hannunka biyu."

"In fita in je ina? Kin manta wata bakwai ɗin nan? Ke kika ce in na ƙara taɓa miki buta gidanku za ki tafi."

"Na ce. Na fi son ka huda mini butar ka sake liƙewa da in riƙa ba ka abinci a baki."

"Ja likita ya hana. Kin dai gani da idonki, yanzu babu ja."

Ta miƙe ta dubi mai shago. "Kai ka faɗi tsakaninka da Allah. Wannan na hannun zai ƙarasa masa kafaɗa?"

"Ni ba likita ba ne, Hajiya. Abin da na sani, rabin wahalar ta tafi. Abin da ya riga ya lalace kuwa, famfo ba ya gyarawa, ko wanne ne."

Inna ta juya ta dubi Kawu. Ta san mijinta. Ta san yadda yake zama a ƙofar ɗaki in ba shi da wurin zuwa, yana bin kowa da ido, yana tambayar ƙarfe nawa. Ta ja dogon numfashi.

"To ka ɗauka. Amma ka ji sharaɗina, ga shaida. Ranar da ka kasa sa riga da kanka, ba zan tambaye ka ba. Ni zan je wurin Maigidan naka."

"Na ji."

"Ban ji ba."

"Na ce na ji, ke ma dai!"

Suka fito da jan famfo a kwali. Ita ta ɗauka, ba ta bar shi ya taɓa ba.

Shekara biyu da wata huɗu ya ƙara a bakin tafkin. Satin farko yakan dawo da fushi, ba gajiya ba, don sauƙin aikin ne ke ci masa rai. Ya ce duk zare marfin da zai yi sai ya tuna safiya nawa ya yi ba tare da shi ba. Maigida da ya ji ƙarar iskar ya ce a mayar da famfon, sabo ne amma yana yoyo, sai da Kawu ya yi masa bayanin da aka yi masa, bai dai ambaci facin ba. A dangi ma an fi shekara ba wanda ya sani. Inna ce ta fasa ƙwan wata rana da suka yi faɗa a kan wani abu dabam.

Amma akwai naɗe kaya da yamma, akwai ɗaga allo a kai bakin ruwa, akwai bugu ɗari na farko da marfi a ciki. Jijiyar da likita ya kira tsohuwar igiya ba ta warke ba. Ya koma sa riga mai maɓalli, wai ta fi iska. Daga baya ya koma sawa a ɗaki da ƙofa a rufe, hannun dama tukuna, yana ɗan nishi. Inna na jin nishin daga madafi, ta ƙyale shi, don sharaɗin bai cika ba.

Wata Alhamis ta gama haɗa shayi ya huce, bai fito ba. Ta tura ƙofa. Yana zaune bakin gado da singileti, rigar a cinya, hannu ɗaya ya shiga har gwiwa ya tsaya. Ya ɗago ya dube ta.

"Maɓalli ne ya maƙale."

Ta dubi rigar, maɓallan duk a buɗe. Ta ajiye masa kofin a hagu, ta ɗauki mayafi.

Sai bayan azahar ta dawo, ƙafafunta da taɓon bakin ruwa. Yana nan inda ta bar shi, ya dai zare hannun daga rigar. Ta zauna a kujera ta cire takalmi, ta sha ruwa, shi yana jira.

"Me ya ce?"

"Ya ce Allah ya ba ka lafiya. Ya ce ka yi masa aiki da amana. Na gaya masa wanda zai saya, babban, mai fanka, kada a ba shi ƙaramin."

"Yau wa ya hura?"

"Maigadi da shi kansa Maigidan. Allo uku suka yi suka zauna suna haki."

Kawu ya ɗan yi murmushi, ya goge shi da sauri. "Bai ce in dawo ba?"

"Ya ce in injin ya iso ka je ranar Asabar ka nuna wa maigadi."

"In nuna masa me? Danna maɓalli?"

"Wanne ne sha biyar, wanne ne uku. Kada ya fasa musu kwale-kwale."

"Asabar ɗaya?"

"Ɗaya ya ce."

Ya jinjina kai, ya daɗe yana jinjinawa. A waje wata mota ta wuce. Ya dubi hannun daman, ya motsa yatsun ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga shi kaɗan daga cinya, ya kai shi har ƙirji, ya sauke.

"Yana dai ɗagawa," in ji shi.

"Shi ya sa na je yau, ban bari sai gobe ba."

Ta tashi ta karɓi rigar ta kakkaɓe, ta tsaya ta damansa.

"Kawo a hankali," ta ce. "Abinci na jira."